Ruwan Birni Ɗaya Ne, Ofisoshin da Ke Kula da Shi Ne Suka Yi Yawa

Jama'a, kusan duk birnin da ka ɗauka a duniya, in ka bi tsarin mulkinsa za ka tarar an raba ruwa gida-gida. Ruwan saman da ya sauka a kan kwalta na ma'aikatar ayyuka ne, tunda ita ke da titi da magudana. In ya kwashi leda ya cusa a kwalbati, ledar ta hukumar kwashe shara ce. In ya nutse ƙasa ya shiga rijiya, ya koma hannun hukumar ruwa, in ma akwai mai bibiya. In yaro ya sha ya kwanta da amai da gudawa, maganar ta zama ta ma'aikatar lafiya. Wanda ya sa hannu aka yi gini a kan hanyar ruwan kuwa yana can hukumar tsara birni, kuma da wuya a tuna da shi ranar da abu ya ɓaci. Kowanne da dokarsa, da kasafinsa, da shugaban da yake yi wa bayani. Shi ruwan bai san da wannan rabo ba, gangare kawai yake bi.

Ra'ayina shi ne, mafi yawan ɓarnar ruwa a birane ana haifarta ne a daidai inda aikin wani ofis ya ƙare, na wani bai fara ba. Kuma wanda ya fi shan wahalar wannan giɓi shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa, saboda ba ya ihu.

Ku dubi yasar kwata kafin damina. Ma'aikata sun shiga da shebur, ruwan dagwalo har gwiwa, sun yi ta fito da baƙar laka haɗe da leda, robobin ruwa, tsummokara, da takalmi ƙafa ɗaya. Sun tara ta tsibi-tsibi a bakin kwatar. Aikinsu ya ƙare a nan, domin kwangilar ta ce a yashe, ba ta ce a kwashe ba. Motar da za ta ɗauka ta wata hukuma ce, jadawalinta daban, mai yiwuwa ma ba wanda ya sanar da ita. Tsibin ya kwana biyu a rana ya bushe, motoci suka tattake, iska ta watsa ledar, ruwan farko ya zo ya mayar da sauran inda aka ciro shi. A takarda an yashe kilomita kaza, an biya. Babu wanda ya yi ƙarya a rahotonsa, amma kwatar na nan a toshe. Abin da ake buƙata don kauce wa wannan bai wuce ofisoshi biyu su zauna su haɗa rana ɗaya ba, mai shebur a gaba, tifa a bayansa.

Na san abin da za a ce: ai mutane ne ke zuba shara a magudana. Gaskiya ne, kuma ba na wanke kowa. Da hadari ya haɗu aka fara yayyafi za ka ga ana fitowa da bokitai ana juyewa a kwata don ruwa ya tafi da ita. Mummunar ɗabi'a ce. Amma a tambaya, yaushe rabon motar shara da shiga wannan layin? Bankin Duniya a rahotonsa na 2018 ya ƙiyasta cewa duniya na fitar da sharar birane kimanin tan biliyan 2 a shekara, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku ba a sarrafa shi ta hanyar da ba ta cutarwa. Inda ba a zuwa kwasa, kwata ce ke zama motar shara. Saboda haka injiniyan magudana, ko ya so ko bai so ba, nasarar aikinsa tana hannun mai kwashe shara. Bangaladash ta gane haka da tsada: bayan ambaliyar 1988 da ta 1998, inda aka ga yadda leda ta cushe magudanan Dhaka, ƙasar ta haramta ledar a 2002. A Mumbai, ranar 26 ga Yulin 2005, an yi ruwa milimita 944 cikin sa'o'i 24. Babu magudanar da za ta iya da irin wannan, amma kogin Mithi da ya kamata ya rage nauyin an riga an shaƙe shi da shara da gine-gine. A Akara, daren 3 ga Yunin 2015, ruwa ya cika magudanan da suka toshe, man fetur ya bi saman ruwan, wuta ta tashi a gidan man da mutane suka fake, sama da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wannan duk abin da ido ke gani ne. Ambaliya tana da hoto, juji yana da wari, dukansu suna kawo 'yan jarida da manyan baƙi. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke faruwa a ƙarƙashin ƙafarmu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin rabin ruwan da ake ɗiba don amfanin gida a duniya daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Ruwan nan tafiyarsa a hankali take, a wasu wurare 'yan santimitoci ne a rana. Idan guba ta shiga yau, tana iya ɗaukar shekaru kafin ta iso rijiyar unguwar gaba, in kuma ta iso, fitar da ita aikin gomman shekaru ne, wani lokaci ma sai dai a rufe rijiyar. Kafin nan wanda ya sa hannu a takardar ya yi ritaya.

Ga yadda abin ke faruwa. Hukumar shara tana neman inda za ta zuba, sai ta hango tsohon rami a gefen gari, inda aka taɓa haƙar ƙasa ko yashi. A wurinta wannan kyauta ce, rami ne da ba sai an haƙa ba. Amma a wurin mai kula da ambaliya, ramin nan ne ke riƙe ruwan unguwanni da dama in an yi mamako. A wurin masanin ruwan ƙasa kuma, ramin ƙofa ce, an riga an cire saman ƙasar da ke tace ƙazanta, ruwan ƙasa na kusa. Da an cika shi da shara an yi asara biyu a lokaci guda: ruwan sama ya rasa masauki ya shiga gidaje, wanda ya ratsa sharar kuma ya fito baƙi ƙirin, mai ɗoyi, ɗauke da gishiri, da ammoniya, da gubar tsofaffin batura da fenti da magunguna, ya tsatsafa ƙasa kai tsaye. Jujin da aka gina bisa ƙa'ida ana shimfiɗa masa yumɓu da leda mai kauri a ƙasa, a sa bututun tattara wannan baƙin ruwan, a haƙa rijiyoyin gwaji a kewaye, a kuma karkatar da ruwan sama kada ya ratsa ta ciki. Wannan karkatarwar aikin masu magudana ce, gwajin kuma na masu ruwa. Ka ga juji ɗaya, ofis uku. In ba a yi ba, wani lokaci tsibin sharar kansa ke jiƙewa ya zaftaro, kamar yadda ya faru a jujin Kiteezi na Kamfala a watan Agustan 2024, inda ya binne gidaje ya kashe sama da mutum 30.

Har maganin zamani na ambaliya yana da irin wannan tarko. Yanzu abin da ake yayi shi ne a bar ruwan sama ya nutse inda ya sauka maimakon a kore shi da siminti. Sin ta fara gwada wannan tsari a birane 16 a 2015, kuma ni ina goyon bayansa, domin yana rage ambaliya yana kuma ciyar da rijiyoyi. Sai dai ruwan da ya wanke harabar gidan mai, ko garejin makanikai da baƙin mai ya jiƙa, ko gefen juji, in ka haƙa masa rami ka ce ya nutse, ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. Injiniyan da ke zana ramin yana buƙatar sanin zurfin ruwan ƙasa a wurin, da inda rijiyoyin burtsatse suke, da inda masai suke. Bayanan nan galibi suna cikin durowar wani ofis da bai taɓa shiga ba.

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar matalautan ƙasashe ce kawai. Walkerton ƙaramin gari ne a lardin Ontario na Kanada, mutanensa ba su wuce 5,000 ba. A watan Mayun 2000 aka yi ruwa mai ƙarfi, ya wanke kashin shanu daga wata gona ya shigar da ƙwayoyin cuta cikin ɗaya daga rijiyoyin garin, mara zurfi. Mutum 7 suka mutu, kimanin 2,300 suka kwanta. Binciken da mai shari'a Dennis O'Connor ya jagoranta ya nuna cewa tun 1978 an san rijiyar na cikin haɗarin gurɓata daga sama. Masu kula da ruwan ba sa zuba sinadarin kashe ƙwayoyin cuta yadda ya kamata, suna kuma rubuta alƙaluman ƙarya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ɗakin gwaji ya gano ƙwayar cutar, amma ya aika sakamakon ga masu ruwan kaɗai, domin babu dokar da ta tilasta masa sanar da hukumar lafiya. Kwanaki suka wuce likitoci na ganin yara da gudawar jini suna laluben dalili, alhali amsar na kan teburin wani. Bayan wannan ne lardin ya yi dokar 2006 da ta wajabta a zana yankin da ke ciyar da kowace rijiyar gari, a kuma sa ido kan abin da ake yi a cikinsa. Ihu bayan hari ne, amma dai an yi.

To mene ne haɗin kai na gaskiya? Ni ban yarda da kwamiti ba in kwamitin ba shi da kuɗi ba shi da mai ɗaukar laifi. Zama a sha shayi a rubuta bayanin taro kowa ya koma ofishinsa, wannan an daɗe ana yi. Biranen da suka ci nasara sun taɓa abubuwan da ofisoshi ke kishi a kansu, wato iko da kasafi.

Singafo ta ɗauki shekara goma, daga 1977 zuwa 1987, tana tsabtace koginta, kuma aikin ya wuce yasa: an tashi gonakin aladu, an sauya wa masu sana'o'in bakin kogi matsuguni, an haɗa gidaje da bututun ƙazanta, hukumomi da yawa a ƙarƙashin umarni ɗaya da wa'adi ɗaya. A 2001 ta mayar da ruwan sha da magudanai da ruwan ƙazanta hannun hukuma guda, PUB. Yau kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar wurin tara ruwan sama ne, don haka ledar da ta faɗa kwata matsalar mai ruwan sha ce kai tsaye. Kopenhagen kuwa ba ta narkar da ofisoshinta wuri guda ba. Bayan ruwan 2 ga Yulin 2011, kusan milimita 150 cikin kimanin sa'o'i biyu, birnin ya fitar da tsari ɗaya a 2012 wanda ya bi yadda ruwa ke gangara maimakon iyakokin unguwanni, daga baya aka fitar da ayyuka kimanin 300 a ƙarƙashinsa. Muhimmin abin da aka yi shi ne gyaran doka, yadda kuɗin da jama'a ke biya na ruwa zai iya biyan aikin da aka yi a kan titi ko a filin shaƙatawa. Shi ya sa aka iya sake fasalin filin Enghave ya zama wurin wasa a ranakun da ba ruwa, matattarar ambaliya in an yi mamako.

Ba kowane birni ke da aljihun waɗannan biyun ba, na sani. Amma abubuwan da suka fi tasiri ba su ne masu tsada ba. Taswira ɗaya da kowa ke aiki da ita, mai nuna magudanai, da wuraren da ruwa ke kwanciya, da jujai, da rijiyoyi, da gidajen mai, wannan bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba. Sharaɗin cewa ba za a buɗe juji ko a cike rami ko a ba da izinin gini a kwari ba sai masu magudana da masu ruwan ƙasa sun sa hannu, kuma suna da ikon cewa a'a, wannan alƙalami kawai yake buƙata. Kwangilar yasar kwata a rubuta ta har zuwa inda za a kai lakar, kada a biya sai an ga takardar juji. Sannan a samu mutum ɗaya mai suna da kujera, a ofishin shugaban birni, wanda in kwata ta toshe ko rijiya ta gurɓace ba shi da damar cewa ba hurumina ba ne. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya, domin ba shugaban hukumar da ke son wani ya riƙa leƙa masa kasafi.

Gwajin ruwa kuma a daina ɗaukarsa sirrin ofis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sinadarin naitiret a ruwan sha a miligiram 50 cikin kowace lita. Sinadarin nan daga masai da juji da taki yake tsatsafowa, ba shi da launi ba shi da wari, tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi, kuma jarirai ya fi yi wa illa domin yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Uwar da ke ɗibar ruwa garai-garai daga rijiyar da ke kusa da juji ba ta da hanyar sanin wannan da idonta. Ina so a riƙa gwada rijiyoyin da ke kewaye da kowane juji sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, sakamakon ya tafi ga hukumar lafiya da ta shara da ta magudana a rana ɗaya, a kuma manna shi inda mazauna unguwar za su karanta da kansu.