Sarauniyar da ta fito da wuri ba abin tsoro ba ce

A fadojin matasa na Maraɗi, inda ake buga wasan ces ana jiran shayi ya nuna, mutane da yawa sun ɗauka cewa idan abokin karawa ya fito da sarauniyarsa tun motsi na biyu, dole ne a kore ta nan take. Wannan fahimta kuskure ce, kuma ita ce ke kayar da masu koyo.

Ga yadda abin ke faruwa. A allon ces, kowane gida yana da suna na harafi da lamba, kamar e4, kuma ana kiran 'yan wasan biyu fari da baƙi bisa launin mayaƙansu. Fari ya tura soja zuwa e4, baƙi ya amsa da e5, sai sarauniyar fari ta dira a h5. Wanda ya yi gaggawar tura soja zuwa g6 ya saki sojan e5, domin sarauniya za ta cinye shi tare da yi wa sarki barazana, sannan ta ɗauke hasumiyar da ke h8. Abin da ya dace shi ne baƙi ya fito da doki zuwa c6 ya tsare e5.

Idan fari ya kawo bishof, mayaƙin da ke tafiya a karkace, zuwa c4, idonsa na kan f7, gidan da sarki kaɗai ke karewa. A nan ne g6 ke da amfani, amma fito da doki zuwa f6 a wannan lokacin yana jawo mutuwar sarkin baƙi a motsi na huɗu, domin sarauniya za ta cinye sojan f7. Bayan g6, idan sarauniya ta koma f3, sai dokin ya hau f6 ya toshe mata hanya. A ganina baƙi ya riga ya sami sauƙi, tunda yana fito da mayaƙansa yayin da fari ke ɓata motsi wajen yawo da sarauniya ɗaya.