Birkin Bakin Bindiga Na Ɗaurawa: Kafaɗa Ta Huta, Kunne Ya Shiga Uku

A Amurka, inda farauta da gasar harbi suke da kasuwa babba, maharba sun daɗe suna neman yadda za su rage naushin da bindiga ke kai wa kafaɗa. Cikin dabarun akwai wani guntun ƙarfe mai ramuka a gefe da ake sa wa a bakin bindiga, suna ce masa birki. Wani sai maƙerin bindiga ya yanka wa bakin bututun zare sannan a murɗa shi. Wani kuwa zura shi kawai ake yi a ɗaure da ƙusoshi, ba yanka ba sassaƙa. Wannan na biyun ne ake ta cece-kuce a kansa, ko yana aiki ko ba ya yi, kuma a ganina ana yin muhawarar a inda ba nan matsalar take ba.

Yana aiki? Ƙwarai kuwa. Naushin bindiga daga abu biyu yake fitowa: harsashin da ya fita, da iskar albarushin da ta biyo shi a guje, wadda ma ta fi harsashin gudu. Birki ba ruwansa da harsashi. Iskar yake tarewa, ta bugi bangwayen cikinsa, ta fice ta gefe, bugun nan kuma ya ja bindigar gaba. Shi ya sa ake ganinsa a bakin manyan bindigogin atilare da babbar bindigar harbin nesa ta Barrett M82. Shi ya sa kuma amfaninsa ya danganta da yawan albarushi. Harsashin .300 Winchester Magnum, wanda ya fito a 1963, yana ƙona wajen giram 4 da rabi don tura dalma mai kusan giram 12, alhali .308 Winchester kusan giram 3 yake ci. Mai ta farkon zai fi jin bambanci nesa ba kusa ba. Iskar kuwa ba ta san ko da zare aka kama birkin ko da ƙusa ba.

Inda na ɗaurawa yake da rauni shi ne zama. Bututun bindigar farauta yakan tsuke a hankali zuwa baki, kuma ba dole ne ramin ciki ya zauna daidai tsakiyar ƙarfen ba. Birkin kuwa bayan bututun yake riƙe. Idan ya karkace ko da kaɗan, harsashi zai gogi gefensa, saiti ya lalace, wani lokacin birkin ya tsinke ya bi harsashin. Masu tsohuwar bindigar soja ta Rasha, Mosin-Nagant, samfurin 1891 da aka jibge a kasuwar Amurka da araha, sun sha wannan da birkunan da ake maƙalewa a bayan tsinken saiti. Kamfanoni irin su Witt Machine sun bi wata hanya: mai saye ya auna kaurin bututunsa, a ƙera masa nasa. Irin wannan ban ga abin zargi a kansa ba, muddin an auna da kyau, an ɗaure daidai, ana duba ƙusoshin, an kuma sake saita madubin hangen bindigar, domin duk nauyin da aka rataya wa baki yana sauya inda harsashi ke sauka. Wanda aka ce yana shiga kowace bindiga kuwa, araha ce wadda ba ta ado.

To amma a ce ya zauna daram. Sauƙin da kafaɗa ta samu da me aka biya shi? Da ƙara. Hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta sa desibel 140, wato ma'aunin ƙarfin sauti, a matsayin iyakar ƙarar farat ɗaya, bindigar farauta kuwa ta wuce nan tun ba a sa mata komai ba. Birki yana kwaso ƙarar da za ta yi gaba ya watsa ta gefe da baya. Maharbi aƙalla yana bayan bindigar. Wanda ke tsaye a gefensa shi ke shan ta a fuska, har da ƙura da tsakuwa idan a kwance ake harbi. Ba banza ba jagororin farauta da yawa a Namibiya da Zimbabwe da Afirka ta Kudu ba sa son ganin baƙo ya sauko da bindiga mai birki. Masu bin sawu da kunne suke cin abinci, kuma ba mai toshe kunne yana bin bauna a cikin ciyawa. Ciwon kafaɗa kwana biyu ne, jin da ya tafi kuwa ba ya dawowa.

Saboda haka a filin gwaji, inda kowa ya toshe kunne, birkin ɗaurawa da aka ƙera bisa awo ya cancanci kuɗinsa, musamman ga wanda ba ya son a taɓa bututun tsohuwar bindigar gado. Yana ma da fa'idar da ba a cika faɗa ba: ana kwance shi ranar farauta, a sake saiti. A daji kuwa gara a fara da robar gindin bindiga mai taushi, ko a ƙara mata nauyi, ko a sauka zuwa harsashi mai sauƙi kamar 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007, wanda ya ishi barewa. Maharban Finland da Norway da Birtaniya sun fi karkata ga na'urar rage ƙara, wadda ke sassauta naushin kuma ta rage amon. A Amurka dokar 1934 ce ta sa mallakarta ke buƙatar rajista da gwamnatin tarayya, birki kuwa a yawancin jihohi ana aiko shi har gida ta gidan waya.