Kafin Yaro Ya Shiga Aji Ɗaya

'Yan uwana matasa, musamman mu da muka yi karatu muke zaman majalisa bayan La'asar, akwai aikin da muka jibga wa malaman firamare alhali rabinsa namu ne.

Yaro yana shiga aji ɗaya ne yana ɗan shekara shida. Kafin nan kunnensa ya riga ya tara kalmomi, ko kuma bai tara ba. Wanda aka saba yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, aka jefa masa kacici-kacici yana lalubo amsa, ya san labari yana da farko da ƙarshe, ya iya sauraro, ya iya tambaya. Ranar da malami ya rubuta "ba, be, bi" a allo, sautin ba baƙo ba ne a wurinsa. Wanda kuwa aka miƙa wa waya don ya yi shiru, ko abin da ya fi ji shi ne "tashi ka ba ni wuri", zai zauna a aji mai cunkoso yana kallon alli kawai. Sai a ce ba shi da ƙwaƙwalwa. Wallahi zalunci ne.

Kada mu fake da gwamnati. Dokar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBE) ta 2004 ta ambaci kula da ilimin ƙananan yara, amma ku duba unguwarku: makarantun gwamnati nawa ne ke da ajin share fage mai kyau? Nazare mai zaman kanta kuma ba kowane uba ke da kuɗinta ba. Shirin Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato ma da Hausa ya fara koyar da yara, harshen da suke ji a gida. To mu me ya hana mu?

Makarantar allo ta daɗe da nuna mana hanya: zaure, tabarma, mutum ɗaya mai haƙuri. Ku nemi izinin mai unguwa da iyaye, ku tara ƙannenku 'yan shekara uku zuwa biyar. A ƙirga da 'ya'yan dabino ko murafen kwalba, a zana harafi a ƙasa da tsinke, a nuna hoto a ce su faɗi abin da suka gani. Bulala kam a bar ta a gida.

'Yan mata, ku kuka fi mu shiga gidaje, kuma yaran sun fi sakewa da ku. Ku ja iyaye mata cikin lamarin, ko da ba su yi boko ba, domin tatsuniyar a bakinsu take.