Cooper Black ba na dogon rubutu ba ne

Masu buga katin biki da yawa sun ɗauka tunda salon haruffan Cooper Black yana da kauri ai zai fi karantuwa, sai su zuba shi tun daga sunan ango har adireshin wurin walima. A'a wallahi. Oswald Cooper ya zana shi ne a Chicago, ya fito a 1922, don talla da kanun rubutu, shi ya sa kamfanin jiragen sama na easyJet ke rubuta sunansa da shi. Haruffan masu ƙiba ne, gefensu a mulmule, ramin cikinsu ɗan tsurut, in ka ƙanƙanta su sai su cuɗe ido ya gaji. Sa shi a kanu kawai. Kuma ka duba ƙ, ɗ, ɓ kafin ka buga, wanda ke zuwa da Microsoft Office ba shi da su.