Liyafar Cannes ba ta sauke kyamara a Kano

To, 'yan fim ɗinmu sun dawo daga bikin finafinai na Cannes da ke Faransa. Hotuna sun cika mana waya: babbar riga a kan jan kafet, kofi a hannu, an dafa kafaɗar wani Bature da ba wanda ya san aikinsa, a ƙasa kuma an rubuta wai manyan kamfanonin fim na duniya "sun nuna sha'awa", nan ba da jimawa ba za su kwararo Najeriya. Masha Allah. Sha'awa dai. Ai kowa ma yana sha'awar gidan sama a Maitama.

Jama'a, mu daina yaudarar kanmu. Wanda yake yanke shawarar ƙasar da za a ɗauki fim ba ya cikin hotunan nan. Ba jarumi ba ne, galibi ma ba darakta ba ne. Wani furodusa ne mai riƙe da lissafi, yana zaune a ofis a Landan ko Los Anjelas da kwamfuta a gabansa, ya jera ƙasa uku ko huɗu gefe da gefe, yana duba inda rana ɗaya ta aiki ta fi arha da kwanciyar hankali. Ba ruwansa da daɗin kilishin da kuka raba a rumfa. Tambayarsa ɗaya ce: ina takardar?

Ku dubi Maroko, tunda ita kowa ke kawo misali da ita ba tare da ya san me ta yi ba. Hukumar fim ɗinsu tun 1944 take. Situdiyon Atlas da ke Warzazat tun 1983 yake aiki. A 2018 suka fara mayar wa kamfanin waje kashi 20 cikin ɗari na kuɗin da ya kashe a ƙasar, a 2022 suka ɗaga zuwa kashi 30. Sharaɗin a rubuce yake: ka kashe aƙalla dirhami miliyan 10, ka yi aƙalla kwana 18 kana aiki. Yi lissafin da kanka. Wanda ya kashe dala miliyan 10 a abubuwan da doka ta amince da su, miliyan 3 za ta dawo aljihunsa. Jodan ta kafa hukumarta a 2003, ta mayar da saharar Wadi Rum duniyar Mars da sauran duniyoyin da ba a taɓa zuwa ba a cikin finafinai, a 2025 kuma ta sanar da cewa abin da take mayarwa zai iya kai kashi 45. Waɗannan in sun je Cannes, takarda suke miƙawa. Shayin da ake sha a rumfarsu na jiƙa maƙoshi ne kafin a buɗe shafi na biyu.

Mu fa? In furodusa ya ce, kashi nawa kuke mayarwa, wace doka ce ta tanade shi, wane ofishi ke biya, cikin wata nawa, da naira ko da dala, me za a ce masa? "Muna da al'adu masu kyau"? "Mutanenmu sun haura miliyan 200"? Ya ji, Allah Ya ƙara albarka. Ina takardar?

Abin da masu tsalle ba su gane ba, wannan kason da ake mayarwa ba tukuici ba ne da ake jira a ƙarshe. Tun kafin a kunna kyamara ake cin bashinsa. Furodusa zai ɗauki takardar amincewar gwamnati ya kai banki, banki ya ba shi mafi yawan kuɗin ya zuba a aiki, in an gama akanta mai zaman kansa ya bi rasit ɗaya bayan ɗaya, gwamnati ta biya, banki ya karɓi abinsa. Idan banki bai yarda gwamnatin tana biya a kan lokaci ba, takardar ba ta fi ta ƙunshin ƙosai daraja ba. Afirka ta Kudu ta ɗanɗana wannan. Tana da kashi 25, tana da situdiyon Cape Town tun 2010, tana da ma'aikata na gani na faɗa, amma da biyan ya riƙa makalewa sai ayyuka suka fara zamewa, har 'yan masana'antar suka fito zanga-zanga a 2025. Ƙasar da ta shekara da shekaru tana biya kenan. Mu kuwa furodusan nan bai manta cewa a 2023 kuɗin kamfanonin jiragen sama sama da dala miliyan 800 sun maƙale a Najeriya ba a iya fitar da su ba, kuma kamfanin jiragen Emirates ya dakatar da zuwa a 2022 saboda haka. Kana zaton hoton jan kafet zai goge masa wannan?

Na san abin da za a cika min akwatin sharhi da shi. "Ai da sanayya ake komai." "Ai sai an fita an ga mutane." "Kai baƙin ciki ne, don ba a tafi da kai ba." Na ji. Ba wanda ya ce kar a je. Cewa na yi ba a fafe gora ranar tafiya, kuma sanayya tana buɗe ƙofa ne kawai, ba ta shiga ɗaki ta yi maka magana.

A ce ma an ba da kason. Kyamarori da gilasansu da fitilu da na'urorin sauti sun sauka a filin jirgi, akwati sittin, tamanin. A Maroko da Afirka ta Kudu da Senegal akwai takardar nan ta ATA, wadda take kamar fasfo na kaya: an jera kowane abu da lambarsa, kwastam ya buga hatimi a shiga, ya buga a fita, ba haraji. Najeriya ba ta cikin wannan tsarin. Sai dai a bi hanyar shigo da kaya na wucin gadi, a ajiye jingina, a jira sa hannu. Rana ɗaya ta babban fim tana iya cin dala dubu ɗari ko fiye, ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba, domin otal da albashi da hayar kaya ba sa tsayawa. Kaya su kwana biyar a hannun kwastam, ka lissafa. Dron kuma, wato ɗan jirgin nan maras matuƙi da ake ɗaukar hoto da shi daga sama, nasa daban ne, sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da kuma sahalewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ba laifi ba ne a nemi izini, kowace ƙasa tana nema. Abin da furodusa ke son ji shi ne kwana nawa, nawa ne, wa zai kira in abu ya tsaya. Amsar "kar ka damu, mun san mutane" ita ce ta fi komai tsorata shi, don wanda ka sani yau ana iya yi masa canjin wurin aiki gobe.

Sannan inshora, wadda ban taɓa ganin an ambata a cikin jawaban dawowa daga biki ba. Babban fim ba ya motsi sai kamfanin inshora ya rufe jarumai da kaya, sai kuma wani kamfanin ya tsaya wa masu zuba jari cewa za a kammala aikin ko ya biya su. Su waɗannan ba sa zuwa liyafa. Shafin gargaɗin tafiye-tafiye na gwamnatin Amurka da ta Birtaniya suke buɗewa, kuma jihohin Arewa da yawa suna cikin jerin da aka ce kar a je ko a yi hattara sosai. Za ka iya cewa an yi mana ƙari, a wasu wuraren ma gaskiya ne an yi. Amma jayayya ba ta sauke farashin inshora. Abin da ke sauke shi rubutaccen tsarin tsaro ne na wuri takamaimai: daga wannan otal zuwa wancan lokeshan minti kaza, asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini yana nisan kaza, jirgin ɗaukar maras lafiya zai iya sauka a wuri kaza. Takarda dai, Malam. Takarda.

In kana son ganin yadda abin yake da ciwo, dubi The Woman King na 2022. Labarin Dahomey ne, nan maƙwabtanmu Jamhuriyar Benin, amma a Afirka ta Kudu aka ɗauke shi. Tarihi na wani, albashin kafinta da tela da direba da mai abinci na wani. Kuma kar a ce ai ba a taɓa zuwa nan ba. A Toro ta jihar Bauchi aka ɗauki Mister Johnson da ya fito a 1990, har da Pierce Brosnan a ciki. A Tinapa ta Kalaba aka ɗauki Half of a Yellow Sun a 2012, sannan da aka zo nuna shi a gida a 2014 hukumar tace finafinai ta riƙe shi na watanni. An zo, an gani. Me ya sa ba a mayar da mu wurin zuwa ba, shi ne abin da ya kamata a zauna a kai kafin a sayi tikitin Faransa.

Tsakani da Allah, ba zuwa bikin nake ƙi ba. Kasuwar fim ta Cannes a watan Mayu, ta Berlin a Fabrairu, ta Durban a Yuli, taron masu neman lokeshan na Landan a Disamba, duk wurare ne na gaske da ake ƙulla aiki na gaske. Amma akwai yadda ake yi. Mutum uku sun isa: wanda ya san haraji da kwastam kamar tafin hannunsa, furodusan gida wanda kamfaninsa zai riƙe aikin baƙi ya buɗe asusu ya biya ma'aikata, da wanda ya san wurare da ƙafarsa. Wata guda ko fiye kafin tafiya ake neman ganawa, domin masu muhimmancin jadawalinsu ya cika tun kafin su sauka. Ganawar minti 20 ce zuwa 30. Ba a ɓata ta da tarihin Bayajida. A miƙa shafi biyu: kaso, sharaɗi, kwanakin izini, kuɗin ma'aikaci a rana, lambar mutum ɗaya da zai ɗaga waya. A nuna hotunan wurare, kowanne da inda yake a taswira, da watan da aka ɗauke shi, da inda rana ke fitowa, da nisan kwalta. A faɗi gaskiyar yanayi: hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu yana ba da wani haske mai laushi da masu kyamara ke so, amma yana hana jirgi sauka, ƙurarsa kuma tana shiga gilashi, damina kuma daga Yuni zuwa Satumba tana iya yanke hanyar ƙauye a dare ɗaya. Wanda ka ɓoye wa wannan, sau ɗaya zai zo, ba zai dawo ba. In an dawo gida, cikin mako guda a aika abin da aka yi alkawari. Sannan kuɗin da za a kashe wa 'yan rakiya talatin, a kashe shi a ɗauko masu neman lokeshan biyar a zaga da su Dutsen Kwatarkwashi da Yankari da Kajuru da tsaunukan Filato. Gani ya kori ji.

Su kuma 'yan uwana na Kannywood da ke tafi suna cewa Hollywood na zuwa, ku tsaya. In sun zo, da wa za su yi aiki? Fim ɗin waje mai matsakaicin girma yana son mutum ɗari ko fiye a fili, kuma ba zai ɗauko su duka a jirgi ba, in ya ɗauko arhar ta tashi a banza. Yana son mai fitila da ya san lissafin wuta, mataimakin darakta da zai fitar da jadawalin gobe yau da daddare a kuma bi shi, akanta da ba ya karɓar "rasit ya ɓata", janareto maras ƙara da za a ajiye kusa da mai ɗaukar sauti, intanet da zai tura aikin rana zuwa Landan kafin asuba. Basira akwai, ba mai musu. Wanda ya iya fitar da shiri mai dogon zango da kyamara biyu da bashin mai shayi ba ƙaramin gwani ba ne. Amma al'adar "ƙarfe takwas" ta zama sha ɗaya da rabi ba za ta kwana ɗaya a irin wannan aikin ba. Akwai yarjejeniyar haɗin gwiwar shirya fim da Najeriya ta sa wa hannu da Faransa a 2020, furodusa nawa ne a titin Zoo Road suka taɓa karanta ta? Kuma a 2016 da aka zo da maganar alƙaryar fim ta naira biliyan 3 a Kofa ta Bebeji, mun ga yadda aka yi ta tashi. Ko kana goyon bayan sokewar ko ba ka yi, mai lissafin can ya karanta labarin, kuma zai tambaya: in na gina gari na katako na wata uku, wa zai tabbatar min ba za a tashe ni ranar Juma'a ba? Amsar nan ma a rubuce yake son ta.

Af, tunda an zo nan. Abin da muke da shi wanda kuɗi ba sa saya a wata shida, dawakai ne. UNESCO ta sa hawan sallar Kano a jerin al'adun duniya a Disambar 2024, kowa ya yi ta taya murna, amma ba wanda ya lura cewa dokin da ya saba da ƙarar bindigar gargajiya da algaita da turmutsitsin jama'a ba ya firgita, shi ne irin wanda masu fim ɗin yaƙi ke wahalar samu. Ga mahaya da ke sukuwa su ja linzami a taku ɗaya, ga masu ɗinkin sirdi da lifidi da jalala a cikin birni. Ba wanda ya taɓa ƙirga su a littafi, ba likitan dabbobi da ke da katin rigakafinsu a jere. Masu dawakin ma yanzu kukan tsadar dusa da harawa suke, wasu sun fara sayarwa bayan kowace salla. Wai nawa buhun dusa yake a unguwarku yanzu?