Waƙar da ba ta da lamba, wa zai karɓi kuɗinta?

Mawaƙanmu na zamani suna kashe kuɗi a situdiyo da ɗaukar bidiyo, amma da yawa ba su san lambar ISRC ta waƙarsu ba, wato lambar shaida da ake bai wa kowace waƙa da aka naɗa. Alhali da wannan lamba ce Spotify da Boomplay da Audiomack ke gane cewa an saurari waƙar wane, sau kaza, sai a ware masa haƙƙinsa.

Lambar haruffa da alƙaluma 12 ce: biyu na ƙasa, uku na wanda ya yi rajista, biyu na shekara, biyar na waƙar kanta. IFPI, ƙungiyar kamfanonin naɗar waƙa ta ƙasa da ƙasa, ita ce ke kula da tsarin a duniya. Kamfanonin da ke ɗora waƙa a intanet, irin su DistroKid da TuneCore, kan bayar da ita kai tsaye, shi ya sa za ka ga waƙar da aka yi a Kano lambarta ta fara da QZ na Amurka maimakon NG na Najeriya. Wannan ba matsala ba ce.

Matsalar tana wajen wanda ya ɗora. Yaron situdiyo ko wani "manaja" ya ɗora waƙar da asusunsa, ya rubuta sunansa, kuɗi kuma su bi sunan. Lambar ba ta tabbatar da mallaka, bayanan da aka liƙa mata su ne ke magana. Ga kuma lamba ta biyu, ISWC, wadda ke shaida baitoci da karin waƙar, ba muryar da aka naɗa ba. Marubucin waƙa da mai kiɗa ta nan suke cin rabonsu, ta hannun ƙungiyoyi irin su MCSN, mai karɓar wa masu waƙa kuɗin haƙƙinsu a Najeriya. Idan ba a haɗa lambobin biyu ba, kuɗin marubuci sai su maƙale.

Kada a ɗauka abin wasa ne. A 2021, kamfanonin sauraron waƙa a Amurka sun miƙa wa MLC, hukumar da ke raba wa marubuta waƙa haƙƙinsu a can, kusan dala miliyan 424 na haƙƙin da suka kasa gano masu shi.

A ganina, tun kafin a bar situdiyo ya kamata a rubuta wa ya rera, wa ya rubuta, wa ya yi kiɗa, kowa ya sa hannu. Mawaƙi ya riƙe asusunsa da kansa, kuma in ya sauya kamfanin ɗorawa, ya tafi da tsohuwar lambar, don kada adadin saurarensa ya koma sifili.