A nuna mana binciken tukuna

Jama'a tun ranar da na saurari jawabin ministan ilimi Dakta Tunji Alausa a wani taro kan harshen koyarwa a Abuja, watan Nuwamba 2025, abin yake cina a rai. An soke koyarwa da harshen uwa, daga naziri har jami'a sai Turanci zalla, dalili wai alƙaluma sun nuna yara na faɗuwa WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi harshen uwa. To ina binciken yake? Wa ya yi shi, a waɗanne makarantu, yara nawa aka gwada?

Ku yi lissafin da kanku don Allah. A ƙarshen Nuwamba 2022 ne ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya sanar da manufar koyarwa da harshen uwa daga aji ɗaya zuwa shida na firamare. Yaron da ya shiga aji ɗaya bayan sanarwar nan ko aji huɗu bai kai ba lokacin da aka soke ta, shi kuma wanda ya rubuta WAEC a 2025 ya bar firamare tun 2019, shekara uku kafin a haifi manufar ma. Ta yaya abin da bai same shi a aji ba zai kayar da shi jarrabawa? Kuma wane malamin firamaren gwamnati ne aka miƙa wa littafin kimiyya na aji biyar da Hausa aka ce ga shi ka koyar? Ba a shuka ba, an zo ana cewa irin ba shi da kyau.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne muna da binciken, namu na gida. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ife suka fara gwaji, aka koyar da wasu yara komai da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci ya zama darasi guda da ƙwararren malami, wasu kuma aka bar su kan tsohon tsari, aka bibiye su shekara da shekaru, yaran Yarbancin nan ba su gaza ba har a Turancin kansa, a darussa da dama ma sun wuce sauran. Wannan shi ne bincike, akwai rukuni biyu, akwai awo, akwai rahoto da kowa zai iya ɗauka ya karanta ya soka in yana da hujja. Fafunwan nan ya zo ya riƙe kujerar ministan ilimi daga 1990 zuwa 1992. Nan kusa ma ga shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, ga RANA a Katsina da Zamfara, dukkansu da Hausa aka fara koya wa yara karatu kuma an auna su. An buɗe rahotannin nan kafin a yanke hukunci?

Na san masu cewa ai WAEC da Turanci ake yi, ai Legas yare ya yi yawa a aji guda. Ku bar wannan, ba wanda ya ce a daina koyar da Turanci, kuma matsalar Legas ba dalili ba ce na hana yaron ƙauyen Jigawa gane lissafi da harshen da yake mafarki da shi. Ni dai maganata ɗaya, in za a juya rayuwar miliyoyin yara a kawo binciken a fili, malaman jami'a su duba, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta yi bayani. In ya tabbata Hausa ce ke kayar da yaranmu wallahi zan karɓa.

Ƙanwata ta yi digiri na biyu kan yadda 'yan aji biyu ke koyon karatu, wata shida tana yawo makarantun ƙauye a kan acaɓa da kuɗin aljihunta, ta dawo da bayanai cike da jaka. Kwafi huɗu ta ɗaure da baƙin bango ta miƙa, nata yana nan saman durowa a ɗakin Hajiya, jiya na sauko da shi na kaɗe ƙura na fara karantawa daga babi na huɗu.